Hutun minti goma da ke kai mutum Asuba

"Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki. Ni ɗalibar likitanci ce a nan Bauchi, ina aji uku, babbar jarrabawarmu ta MB saura wata huɗu. Idan na yi karatu kamar awa biyu sai kaina ya toshe, ina ganin rubutu amma ba ya shiga. Sai in ce bari in huta minti goma, in buɗe littafin Hausa da ake turowa a WhatsApp, ko in kunna wanda ake karantawa a YouTube. Wallahi sau da yawa sai dai in ji kiran sallar Asuba. Ƙawata ta ce in goge komai, wai ɗalibin likitanci ba shi da lokacin labari sai ya gama makaranta. Na gwada na sati biyu, na ji kamar zan haukace, karatun kuma bai ƙaru ba. Don Allah me ya kamata in riƙa karantawa ko saurare idan zan huta, wanda ba zai cinye mini karatu ba? Sannan sa waƙa ko karatun Alƙur'ani a kunne ina cikin karatu yana da illa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa ku zauna jarrabawar nan a sa'a. Tambayarki ta farko ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: ko hutu ya kamaci wanda jarrabawa ke gabansa, me ya sa naki hutun ba ya tsayawa inda kika yanka masa, sai kuma abin da za ki ba ido da kunne wanda zai sake ki idan lokaci ya yi. Ta tsakiyar nan ce bakin ƙurjin, don haka can zan fi zama.

Ni likitar manya ce, ina duba marasa lafiya, ina kuma koyar da ɗalibai a bakin gado idan sun haye ajin da kike ciki. Na bi ta gadar da kike kai yanzu. Na san warin fomalin, sinadarin adana gawar da ake koyo a kanta, da ke bin hijabi har ɗaki, ya hana mutum cin nama kwana biyu. Mu a zamaninmu babu WhatsApp, haya muke ɗauko littattafan, na ɗaya, na biyu, na uku, a wani ɗan shago kusa da makaranta. Ana gobe gwajin anatomi, wato ilimin sassan jiki, na hannu da kafaɗa, na ce bari in leƙa babi ɗaya in wartsake. A shafin ƙarshe na littafi na biyu aka ɗaura wa yarinyar aure da wanda ba ta so, na ukun kuwa yana ƙarƙashin filon ƙawata. Sai da na tashe ta. Da safe malami ya ɗago wata jijiya a hammatar gawa da ɗan ƙarfensa, ya ce in faɗi sunanta, muka tsaya kallon-kallo ni da jijiyar. Don haka wadda ta taɓa ƙonewa ce ke gaya miki wuta da zafi.

Kan da ya toshe ba lalaci ba ne

Abin da kike ji bayan awa 2 kowa na jin sa. Hankali ba ya iya tsayuwa a kan abu ɗaya da ƙarfi iri ɗaya tun safe har dare. Akwai ma abin da ya fi wannan: abin da kika karanta yanzun nan bai zauna ba tukuna, ɗanyen siminti ne, duk abin da ya taka sai ya bar sawu. Tun 1900 wasu masana biyu a Jamus, Müller da Pilzecker, suka nuna cewa idan mutum ya haddace abu, nan take aka ɗora masa wani aikin ƙwaƙwalwa, na farkon ya fi saurin zubewa a kan idan an bar shi ya sarara. A 2012 Michaela Dewar da abokan aikinta a Edinbara suka sake gwada wannan. Sukan ba mutane gajeren labari, bayansa wani lokaci a bar su minti 10 shiru ido rufe, wani lokaci a ba su wasan gano bambanci tsakanin hotuna a kwamfuta. Labarin da shiru ya biyo bayansa shi suka fi tunawa, har bayan kwana 7. Da dattawa aka yi gwajin, ba da ɗalibai masu fama da bayokemistiri ba, don haka kada ki riƙe shi kamar aya. Amma ya dace da abin da aka koya muku a kan hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abin da aka koya: idan aka ɗaga masa ƙafa sai ya riƙa maimaita abin da ya shigo yana miƙa shi ma'aji, aikin da ya fi yi sosai idan mutum na barci.

Ba ma sai mun je Turai ba. Wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya wallafa aikinsa a kan mantuwa a 1885, ya nuna haddar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Malaman tsangaya sun riga shi sani. Almajiri ya biya allonsa da asuba, ya tashi, ya dawo da yamma, ya sake da dare a bakin wuta, Alhamis da Juma'a kuma a jingine allo. Da wannan tsarin ake haddace izu 60, kuma ban taɓa jin gwanin da ya ce hutun Alhamis ne ke ɓata hadda ba.

Ƙawarki ta gano cutar, maganin ne ta zarce da shi. Gaskiya ne abin da kike yi yana cin karatunki. Amma rufe kowace taga na wata huɗu, jiki da jini ba ya ɗauka, ke ma kin gani a sati biyu. Sahabi Hanzala ya je wurin Annabi (SAW) yana kukan ya zama munafuki, don idan ya bar majalisi ya koma cikin iyali da sha'anin dukiya sai zuciyarsa ta shagala. Amsar da ya samu, kamar yadda ta zo a Sahihu Muslim, ita ce sa'a da sa'a, wato wannan da lokacinsa, wancan da lokacinsa. Mutanenmu kuma suka ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.

Me ya sa littafin ba ya sakin ki

Ba don na Hausa ba ne, ba kuma don na soyayya ba ne. Ginin da aka yi masa ne. Labarin da ake saki shafi-shafi a WhatsApp, ransa ya rataya ne a kan ki dawo gobe, wani ma sai kin biya kuɗin shiga guruf kafin ki ga ci gaba. Marubuciyar da ta san aikinta ba za ta ajiye alƙalami a inda zuciyarki ta kwanta ba, sai a daidai inda aka turo ƙofa ba a faɗi wanda ya shigo ba. Gwaninta ce, ban ga laifinta ba. Sai dai ke da kika zo neman minti 10, kin shiga ɗakin da aka gina ba ƙofar fita. Mu masu haya, aƙalla shago na rufewa, littafi kuma na ƙarewa a hannu. Ke shafi 80 ne ke jiran ki a waya, YouTube kuwa idan kashi na 12 ya ƙare, da kansa zai ɗora miki na 13 bai nemi izininki ba.

Ki duba kuma lokacin da kike buɗewa. Ba da hantsi ba ne kina da ƙarfinki, sai da dare, kin gaji, kin ji haushin shafin da ya ƙi shiga. A wannan halin ne mutum ya fi kasa ce wa kansa ya isa. Ko da kin yi ta maza kin rufe, labarin bai rufe a kanki ba. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta yi rubutu a kan wannan a 2009: idan mutum ya bar aikin da bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa na maƙale a na farkon. Idonki na kan darasin bayokemistiri na zagayen Krebs, rabin kanki na can yana lissafin ko kishiyar ce ta zuba maganin.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba a cika lura da shi ba. Idon da ya gaji da ƙananan rubutu shi kika sake ba ƙananan rubutu, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya yini yana tauna kalmomi shi kika ƙara wa kalmomi. Kamar wadda ta gaji da daka ce ta ce bari ta huta da surfe.

Saboda haka ma'aunin da nake ba ɗalibaina guda ne. Kafin ki buɗe ko ki kunna wani abu da sunan hutu, ki tambayi kanki: shi zai sallame ni, ko ni zan ƙwaci kaina? Duk abin da sai kin ƙwaci kanki, ba na tsakiyar karatu ba ne. Yana da ranarsa, zan zo kanta.

Hutu iri-iri ne

A ƙaramin hutu, na minti 5 zuwa 10 tsakanin zama da zama, kada ki karanta komai, kada ki saurari komai. Na san ba ita ce amsar da kike jira ba. Ki miƙe, ki sha ruwa, ki sabunta alwala, ki fita baranda ki kai ido nesa, kan bishiya ko kan duwatsun da suka kewaye garin nan. Idon da ya daɗe a kan rubutu tsokarsa a ɗaure take, kallon nesa ke kwance ta. Likitocin ido kan ce duk minti 20 a kalli abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20. Waya ta zauna a jaka. Za ki ji ana maganar tsarin Pomodoro, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980: karatu minti 25, hutu minti 5. Ni a ganina 25 ya yi wa anatomi kaɗan, kafin ki gama bin jijiya ɗaya daga tushe zuwa rassa agogo ya buga. Minti 45 zuwa 50 ya fi karɓar yawancin ɗalibaina. Abin kiyayewa dai, ki tashi tun kan bai toshe ba. Wanda ya kai awa 2 bai motsa ba, mafaka yake nema a lokacin, shi ya sa yake faɗawa waya ya kasa fitowa.

Matsakaicin hutu, na minti 20 zuwa 30, shi ne na bayan Azahar, ko na cin abinci, ko tsakanin La'asar da Magariba. Salloli sun riga sun yanka miki yinin, ki jingina hutunki da su, ba sai kin ƙirƙiro wani jadawali ba. A nan kunne ya kamata ya yi aiki, ido ya huta. Abin da na fi yaba wa ɗalibai shi ne rediyo, kuma akwatin rediyo na gaske nake nufi, ɗan ƙarami mai batir irin wanda za ki samu a kasuwar Wunti, ba manhajar waya ba. Shirin rediyo yana da sallama. Lokaci na cika mai gabatarwa zai yi muku sai an jima, ya kore ki ko kina so ko ba kya so. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake wannan aikin, ga DW da RFI, ga namu na gida, BRC da Globe FM da Albarka. Ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta, saƙon kowa kuma ba ya faɗowa a kansa. Ɗalibin likitanci yakan yi wata 3 bai san abin da duniya ke ciki ba, ya je gida hutu a yi ta hira yana zare ido; rabin awa na labarai kullum na mayar da shi cikin mutane. Idan kuma shirye-shiryen nan na murya da ake saukewa a waya kike so, waɗanda ake kira fodkas, ki sauke kashi ɗaya tak tun da rana, ki kashe data kafin ki kunna, ki saurara kina tafiya ko kina wanki.

In hannu na ƙaiƙayin littafi, to gajeren labari ko rubutacciyar waƙa. Abin dariya, littafi na ɗaya na Magana Jari Ce gaba ɗayansa dabarar riƙe mutum ce, aku ke jero wa Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita. Amma Abubakar Imam ya yi wa kowane labari ƙarshe a cikin 'yan shafuka, kina iya cin ɗaya ki wanke hannu. Labaran gasar Hikayata ta BBC, wadda aka fara a 2016, su ma kowane a zama ɗaya yake ƙarewa. Waƙa kuwa ta fi duka dacewa da wannan gurbin, don ba a yi mata gudu. Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne, ya rasu a 1958, baiti 10 nasa sun ishe ki tauna har ki koma kan tebur. Wata rana kuma abin da ya fi rediyo da littafi duka shi ne ƙailula ta minti 20, da agogo a saite. Idan kin wuce haka kika nutsa, za ki tashi jiki a mace.

Hutun dare shi ne wanda ya fi cutar da ke, shi ya fi buƙatar gyara. William Osler, ɗaya daga cikin likitoci 4 da suka kafa koyarwa a asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya dage a riƙa fitar da ɗalibai daga aji a kai su bakin gadon majiyyaci, ya shawarci ɗalibansa su ware rabin awa kafin barci su karanta abin da ba likitanci ba. A wani littafinsa na 1904 har jerin littattafai 10 ya ba su na ajiyewa a gefen gado. Jerin nasa na mutanensa ne da zamaninsa, ɗabi'ar ce abin ɗauka. Sharaɗi biyu zan ƙara. Na ɗaya, takarda ba waya ba. Wani gwaji da aka yi a Boston, aka wallafa a 2015, ya nuna masu karatu a allo mai haske kafin kwanciya sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, sinadarin melatonin mai jawo barci ya yi musu jinkiri, sun kuma tashi da nauyin ido, idan aka kwatanta da daren da suka karanta takarda. A gwajin awa 4 suke yi suna kallon allon, don haka ni hasken bai fi damuna ba. Abin da ke zaune a cikin wayar ya fi hasken haɗari. Na biyu, ki zaɓi littafin da kin san ƙarshensa. Wanda kika karanta a sakandare, ko sira, ko tarihi, ko da na Malam Yakubu ne da kafuwar garin Bauchi. Labarin da kin san inda zai kwana ba ya hana ki kwana.

Dogon labari mai ci gaba kuwa, ki yi masa rana, kamar Asabar bayan La'asar, da hutun zangon karatu. Ki zauna ki sha shi ba tare da zuciya na zargin ki ba, don rabin gajiyar da kike ji daga zargin kai take. Idan ba ki taɓa karanta Shaihu Umar ba, a yammaci ɗaya ake gama shi. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta, don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kabarinsa kuma ga shi nan a cikin gari. Ina mamakin ɗalibin da zai shekara 6 a Bauchi bai leƙa littafin ba, bai leƙa wurin ba.

Wasu ɗaliban kan ce za su huta da littattafan da likitoci suka rubuta a kan aikinsu, ko finafinan asibiti, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ana saura wata huɗu jarrabawa ban goyi bayan haka ba, don kan bai bar asibiti ba ke nan. Ki ajiye su sai kin fara shiga ɗakin majiyyata, a lokacin za su yi miki magana. Likitanci da adabi dama tsofaffin maƙwabta ne. Chekhov na Rasha ya gama makarantar likitanci a Mosko a 1884, tun yana ɗalibi yake rubuta gajerun labarai yana ciyar da gidansu da kuɗin. Marubuci Conan Doyle, shi ma likita, ya ɗauko halin Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifi na labaransa, daga malaminsa a Edinbara, Joseph Bell, wanda kan kalli majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Chinua Achebe ma likitanci ya shiga karantawa a Ibadan a 1948, bayan shekara ɗaya ya sauya, ya rasa tallafin karatunsa. Wannan na ƙarshen ba shawara ba ce, kada Baba ya zo nema na.

Abin kunne ana cikin karatu

Idan karatu ne na fahimta ko hadda, duk sautin da ke ɗauke da kalmomi yana rage miki. Lokacin da kike karanta jimla, a cikin kanki furta ta kike yi, muryar da ke shigowa ta kunne kuma ta wannan hanyar take bi, sai su yi karo. Wasu masu bincike, Salamé da Baddeley, sun gwada wannan a shekarun 1980, suka ga waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla ɓata riƙon abin da aka gani a jere, magana kuma tana ɓatawa ko da a harshen da mutum ba ya ji ne. Wato waƙar Indiya ma ba ta tsira ba. Inda ba ta da yawan illa shi ne aikin hannu, kamar sake zana hoton da kin riga kin fahimta ko shirya takardu. Idan hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ce ke kai ki ga toshe kunne, sauti mai tafiya ɗaya irin na fanka ko ruwan sama ya fi, ko abin toshe kunne kawai. Hukuncin kiɗa a addini ba fagena ba ne, wannan na malamai ne.

Alƙur'ani kuwa, aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta shi a saurara a yi shiru. Kina bin hanyoyin jini a ƙoda, ƙira'a na tashi a kunne, ba ki ba ko ɗaya haƙƙinsa ba. Ki ba shi nasa lokacin, ki rufe littafi, ki jingina, ki saurari shafi 2 ko 3 daga makarancin da zuciyarki ke so. A cikin duk abin da na lissafa, ɗalibai da yawa sun ce mini wannan ya fi sauke musu nauyin ƙirji, kuma sura tana da ƙarshe.

Ki tausaya wa kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyaka ga babba: ƙarar desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako. Kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A sauƙaƙe, kada ƙarar iyafis ta wuce kashi 60 cikin 100, idan kuma ta kusa da ke na jin abin da kike ji, ya yi yawa. Nan da shekara ɗaya za a sa ki saurari ƙirjin yarinyar da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofar zuciya, sautin da ake so ki ji can ƙasa yake kamar rugugin hadari mai nisa. Da wannan kunnen za ki neme shi.

Ribar da ba ta fitowa a jarrabawa

Akwai dalilin da ya sa ban ce ki rabu da karatun Hausa ba, ko da kuwa hutu bai buƙace shi ba. Da Turanci ake koya muku likitanci, amma da Hausa za ki yi shi. Tsohuwa za ta zo daga Ningi ko Darazo ta ce sanyi ke damun ta, kuma sanyin nan na iya zama ciwon gaɓoɓi, ko ƙaiƙayin gaba, ko fitsari mai zafi. Shawara a bakin wani idon da ya yi rawaya ne, a bakin wani kasala ce da ɗacin baki. Matashiya a gaban surukarta ba za ta ce tana da ciki ba, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce ta yi ɓatan wata. Magidanci ya ce ƙarfinsa ya ragu, ya yi shiru yana jiran ki gane.

Wata rana wani ɗalibina ya gabatar mini da wata mata, ya rubuta cewa bugun zuciya ke damun ta, ya jero gwaje-gwajen da za a yi. Abin da matar ta ce masa shi ne gabanta ke faɗuwa. Na ja kujera na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ranar da aka shigo da gawar ɗanta. Mun yi gwajin zuciyar, don ya kamata a yi, amma ciwon ba a can yake ba. Yaron nan haziƙi ne, Bahaushe ne kuma, sai dai shekara 4 ya yi bai karanta ko saurari komai da harshensa ba, har kunnensa ya koma fassara kalma da kalma. Mai karanta labarai da sauraron rediyo ya saba da yadda mutanenmu ke kewaya magana, da abin da shiru ke nufi. Idan ma kika ci karo da shirin Fulatanci a tashoshin nan, kada ki murɗa. Gaisuwa da tambayar inda ke ciwo kaɗai, idan kin iya su, za ki ga yadda fuskar majiyyaci ke sakewa.

Inda shawarata ta tsaya

Ban gan ki ba, daga 'yan layuka nake ba ki amsa, kuma yawancin abin da na faɗa a kan tsawon zama da irin littafi daga abin da na gani a kaina da ɗalibaina ne, ki gwada ki gyara ya dace da ke. Amma akwai abu ɗaya da nake so ki duba tsakaninki da Allah. Wani lokaci raba dare a kan labari ba son labari ba ne, gudu ne. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar JAMA a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe 43, ya samu kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci da alamun ciwon damuwa, a cikinsu kuma waɗanda suka nemi magani ba su kai 1 cikin 6 ba. Idan kin yi sati 2 ko fiye zuciya a cunkushe, abin da kike jin daɗinsa da ya daina yi miki daɗi har shi littafin, barci ko cin abinci ya rikice, kina ganin ba ki da amfani, ko tunanin gara mutuwa na gifta miki, to wannan ya wuce maganar rediyo da gajeren labari. Ki gaya wa wani babba da kika amince da shi, ki ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, tun yau ba sai bayan jarrabawa ba. Ki kuma kula da kofi da lemukan ƙara kuzari: rabin kafen ɗin da kika sha yana nan a jini bayan kamar awa 5, na bayan Magariba shi ke riƙe miki ido har ki nemi abin kallo.

Littafin da kike tsakiyarsa yanzu kuwa, kada ki goge shi, zai yi ta kiran ki ne kawai. Ki kashe ƙarar guruf ɗin da ake turo shi, ki bar shafukan su taru, Asabar bayan La'asar ki zauna ki karanta har a kira Magariba. Idan ya ƙare kada ki ɗauki wani mai ci gaba sai kun ajiye biro a takardar ƙarshe. Wayar kuma daga yau ta riƙa kwana nesa da katifarki, in son samu ne a jakar ƙawar nan taki, tunda ta nuna ba ta da tausayi.